Limamin coci a ƙofar gidan biki: nazarin auren wuri a yankin Amhara na Habasha

A ƙauyukan Amhara, arewa maso yammacin Habasha, kowa ya san lokacin aure. Da an gama sussukar tef, hatsin da suke nomawa, an yi bikin Timkat na tunawa da baftismar Yesu a watan Janairu, sai a shiga hidimar bukukuwa ba ji ba gani, domin babban azumin coci na kwana 55 yana tafe, kuma ba a biki a cikinsa. Wanda bai samu ya aurar kafin azumi ba sai ya jira bayan Ista, wadda suke kira Fasika. A waɗannan makonni ne malaman firamare suka saba ganin aji ya yi giɓi. Yarinyar da ke aji uku ko huɗu ta daina zuwa, bayan kwana biyu a ji an kai ta gidan miji.

Binciken lafiya da yawan jama'a da aka yi a ƙasar a shekarar 2000 ya nuna cewa rabin matasan matan Amhara an aurar da su kafin su cika shekara 15, kusan kashi 80 cikin ɗari kuwa kafin 18. Da aka maimaita irin wannan bincike a 2016, waɗanda aka aurar kafin 18 a yankin sun sauko zuwa kashi 43 cikin ɗari. Saukar ba ƙarama ba ce, kuma ta faru ne a yankin da ƙidayar 2007 ta ce fiye da kashi 82 cikin ɗari na mutanensa mabiya Cocin Otodoks na Tewahedo ne, cocin da ya kafu tun ƙarni na huɗu, zamanin Sarki Ezana na Aksum. Don haka dole a tambaya: wane hannu cocin ya sa a wannan sauyi, kuma a ina hannun nasa ya gaza?

Abin da ke sa uba ya aurar da 'yar shekara goma

Ba ƙiyayya ba ce, kuma ba talauci kaɗai ba ne. A al'adar manoman Gojjam da Gondar da Wollo, sassan Amhara, aure ƙulla zumunci ne tsakanin gidaje biyu masu gona da shanu, kowane ɓangare yana ba sabon gidan wani abu daga dukiyarsa. Saboda haka sau da yawa 'yar mai hali ce ake riga nema. Akwai kuma bashin biki: mutum ya yi shekaru yana cin injera, wainar tef, yana shan tella, giyar gida, a bikin 'ya'yan maƙwabta, yana kai gudummawa, yanzu yana son nasa zagayen ya zo yana da rai da lafiya. Sai tsoro iri biyu da ke damun kowace uwa, kada yarinya ta rasa budurcinta kafin aure, kada kuma ta wuce lokaci a ce ta yi kwantai.

Akwai tsarin da ake kira madego, inda ake kai yarinya ƙarama gidan surukai su raine ta, bisa alkawarin cewa mijin ba zai kusance ta ba sai ta isa. Ana karya alkawarin sau da yawa. Abin da ke biyo baya mai karatu ya san shi: naƙuda ta kwana da kwanaki a jikin da bai gama ginuwa ba, jariri ya mutu, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Asibitin masu wannan lalura da Dakta Catherine Hamlin da mijinta Reginald suka buɗe a Adis Ababa a 1974 ya kai ga buɗe reshe a Bahir Dar, babban birnin Amhara, a 2005, saboda yawan matan da ke fitowa daga can.

Inda limami yake tsaye

Abin da baƙo ba ya saurin ganewa shi ne yawancin auren ƙauye ba a cikin coci ake ɗaura shi ba. Auren coci, wanda ake kira teklil, shi ne wanda ake sa wa ango da amarya kambi su karɓi jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na ibada, tare, kuma ba shi da saki. Nauyinsa ya sa talakawa da yawa suke kauce masa. Abin da aka fi yi shi ne semanya, yarjejeniyar da dattawan gidaje biyu ke ƙullawa gaban shaidu, wadda ake iya warwarewa idan zama ya ƙi. Kuma ana warwarewa sosai, musamman auren da aka yi wa yarinya tana ƙarama, domin da yawansu gudu suke yi su koma gida.

Da wannan cocin yana iya wanke hannunsa ya ce ba shi ya ɗaura ba. Amma duk ɗan ƙauye ya san maganar ba ta tsaya nan ba. Kowane gidan Otodoks yana da limaminsa na musamman da ake kira yenefs abat, wato uban rai. Shi ake gaya wa zunubi, shi ke zuwa ya yayyafa ruwan tsarki bayan haihuwa, shi ke tsayawa a yi wa jariri baftisma, namiji a kwana na 40, mace a kwana na 80. Idan mata da miji sun saɓa shi ke shiga tsakani, ranar mutuwa kuma shi ke kan gawa. Ranar biki shi ke sa wa abinci albarka kafin kowa ya sa hannu. Babu wani jami'in gwamnati, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin ƙungiyar agaji da yake shiga cikin gida haka. Shekara da shekaru wannan mutumin ya zauna a rumfar biki, amarya 'yar shekara tara tana lulluɓe a gefe, ya yi addu'a ya tashi.

Doka ta riga wa'azi

Gwamnati ce ta fara motsi. Dokar 1960 ta zamanin Haile Selassie ta amince a aurar da mace tana da shekara 15. Sabuwar dokar iyali ta tarayya ta 2000 ta mayar da shi 18 ga mace da namiji, jihar Amhara ta yi tata a 2003, sannan kundin hukunta laifuka da ya fara aiki a 2005 ya sa ɗauri: har shekara 3 ga wanda ya auri yarinya mai shekara 13 zuwa sama, har shekara 7 idan ba ta kai 13 ba. Dokar ta tanadi hukunci har ga mai ɗaura auren da shaidu.

Sai dai rubuta doka a Adis Ababa daban, kai ta ƙauyen da ake yini ana tafiya kafin a ga titin mota daban. Ɗan sanda ba zai san da biki ba sai wani ya gaya masa, wanda zai gaya masan kuma gobe zai haɗu da uban yarinya a coci da kasuwa da wurin makoki. Ga kuma matsalar shekaru. Sai a watan Agusta na 2016 ƙasar ta fara rajistar haihuwa ta bai ɗaya, kuma binciken wannan shekarar ya samu kashi 3 cikin ɗari kacal na ƙananan yara ke da rajista. Uba ya ce 'yarsa ta kai 18, jiki ne kawai ba ta da shi, wa zai ƙaryata shi? Mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyar shi ne wanda ya tsaya a kanta a kwananta na 80 a duniya.

Abin da cocin ya yi

Cocin yana da hukumar raya ƙasa da agaji da ya kafa tun 1972, wadda aka fi sani da DICAC. Ta hannunta ne aka haɗa gwiwa da asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, UNFPA, da cibiyar bincike ta Population Council, aka tsara littafin wa'azi da ke bin karatun kowace rana na shekarar coci. Kusa da ayar ranar sai a sa darasi kan wani al'amari na rayuwa: cutar ƙanjamau, lafiyar mai ciki, kaciyar mata, auren wuri. An yi dabara a nan. Limamin ƙauye karatun gargajiya ya yi, ya haddace Zabura da harshen Ge'ez, ya koyi rera zema, waƙar ibada ta coci, wataƙila ya taɓa waƙar hikima ta kine. Ba a taɓa koya masa yadda ƙugun yarinya ke girma ba, kuma ba zai karɓi takardar wata ƙungiyar Turawa ya karanta a harabar coci ba. Amma littafin da ya fito daga shugabannin cocinsa, aka jera shi bisa kalandar da ya riga ya sani, wannan nasa ne.

Bayan littafin sai horo, wanda ƙungiyoyi irin su Norwegian Church Aid suka tallafa wa, suna aiki da cocin Otodoks da cocin Mekane Yesus da majalisar Musulmi ta ƙasar. An kafa majalisar haɗin kan addinai a 2010, ta zama inda shugabannin ke fitar da murya ɗaya. A ƙasa kuma, a matakin kebele, wato gundumar ƙauye, aka sa limamai cikin kwamitocin yaƙi da al'adu masu cutarwa, tare da shugaban makaranta, da shugabar ƙungiyar mata, da ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, da ɗan sanda. Yadda abin ke tafiya a inda ya yi aiki shi ne: ƙawar yarinya ta gaya wa malama, ko ta jefa takarda a akwatin sirri na makaranta, malama ta kai wa kwamiti, kwamiti ya aika a kira uba. Idan ya yi musun shekaru a tura yarinya asibiti a kimanta. Idan ya nace, magana ta tafi wurin 'yan sanda.

A ganina, mafi ƙarfin abin da limami ya kawo cikin wannan tsari ba huɗubar Lahadi ba ce. Ƙin zuwa ne. Idan uban rai ya ce ba zai sa wa wannan biki albarka ba sai ya ga shaidar shekaru, ya taɓa ainihin abin da uban yarinya yake nema, wato mutunci a idon jama'a. Tarar kotu ana iya sayar da maraƙi a biya. Amma a ce an yi taro a gidanka limaminka ya ƙi takowa, wannan abin faɗi ne har ga jikoki. A wasu ƙauyuka ƙungiyoyin iddir, waɗanda ke ɗaukar nauyin jana'iza, sun bi sahu suka sa tara ko barazanar kora ga ɗan ƙungiyar da ya aurar da ƙaramar yarinya. Wanda ya san matsayin jana'iza a Habasha ya san ba a wasa da wannan.

Shekara goma sha biyar

Nan ne lamarin ya fi ɗaukar hankali. A koyarwar gargajiya ta cocin Habasha, an halicci Adamu yana kamar ɗan shekara 30, Hauwa'u kuma kamar 'yar shekara 15. Maryamu kuwa an kai ta haikali tana da shekara 3, ta zauna shekara 12, aka yi mata bushara tana 15. Kowane ɗalibin makarantar coci ya san wannan lissafi. Yana da amfani ƙwarai ga limamin da ke son hana a aurar da 'yar shekara tara ko sha ɗaya, domin zai ce wa uba: Allah da kansa bai kawo wa Adamu jaririya ba. Amma idan yarinyar ta kai 16, hujjar sai ta juya ta koma hannun uban. Doka ta ce 18, karatun da limami ya tashi da shi ya ce 15, kuma tsakanin lambobin nan biyu akwai shekara uku da dubban 'yan mata ke faɗawa ciki.

Alƙaluman ƙasa sun yi daidai da wannan. Tsakanin binciken 2005 da na 2016, auren ƙasa da shekara 15 ya sauko daga kashi 24 zuwa 14 cikin ɗari, auren ƙasa da 18 kuma daga 49 zuwa 40, yawancin saukar ma kafin 2011 ta faru. Ba na cewa tauhidi kaɗai ya jawo haka. Firamare tana ƙarewa ne daidai wajen shekara 14 ko 15, sakandare kuma tana gari, sai an kama wa yarinya ɗaki nesa da idon iyaye, abin da uwa ta fi tsoro ke nan. Amma idan makarantar ƙauye ta ƙare a daidai inda hujjar limami ta ƙare, babu sauran abin da ke riƙe da yarinyar.

Dikon da amaryarsa

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, domin a cikin gidan cocin yake. A dokar Otodoks, dikon, wato matashin da ke taimakon limami a hidima, idan yana son zama limami mai iyali dole ya yi aure kafin a naɗa shi. Aure ɗaya ne tak a rayuwarsa, na teklil, kuma amaryar dole ta kasance budurwa. Matashin da makomarsa gaba ɗaya ta rataya a kan wannan sharaɗi, shi da iyayensa sukan ga hanya mafi aminci ita ce a nemi yarinyar da ba ta ma balaga ba. Iyayen yarinya kuma ba sa ƙi, domin zama surukin malamin coci daraja ce. Masu bincike na cibiyar ODI ta Landan, waɗanda suka yi aiki da UNICEF a gundumomin da auren wuri ya fi yawa, sun ci karo da wannan a ƙauyukan Amhara: yayin da auren ƙananan yara ke raguwa a tsakanin manoma, malaman coci na cikin waɗanda suka ci gaba da neman mafi ƙanƙanta.

A dubi halin da wannan yarinya take ciki. 'Yar manomi da aka yi wa semanya tana iya gudu, dattawa su zauna a raba aure, ta koma makaranta. Matar dikon ba ta da wannan ƙofa, domin nata auren ba ya mutuwa. Kuma manomin da aka hana aurar da 'yarsa yana gani. Ba ya buƙatar kowa ya fassara masa abin da ake nufi idan mai hana shi ya kawo 'yar shekara goma sha biyu gidansa. Littafin wa'azi ba ya gyara wannan. Sai bishop na yanki ya ƙi naɗa wanda ya auri yarinya, abin da ke nufin cocin ya hukunta nasa, kuma kowace hukuma a duniya ta fi jin daɗin yi wa na waje gargaɗi.

Akuya a Mosebo

Don a auna nauyin magana da nauyin abin hannu, yana da kyau a dubi wani gwaji da ba na coci ba. Daga 2004 zuwa 2006 aka gudanar da shirin Berhane Hewan a ƙauyen Mosebo da ke Gojjam ta Yamma, ƙarƙashin ma'aikatar matasa da wasanni tare da Population Council da UNFPA. An haɗa abubuwa da dama: zaman tattaunawar jama'a, ƙungiyoyin 'yan mata ƙarƙashin wata babbar mace, littattafan rubutu da biro, da alkawarin akuya ga duk gidan da ya bar 'yarsa ba aure har ƙarshen shirin. Da aka kwatanta da wani ƙauye da ba a yi shirin ba, yiwuwar a aurar da 'yan shekara 10 zuwa 14 a Mosebo ta ragu da kashi 90 cikin ɗari, yiwuwar kasancewarsu a makaranta kuma ta ninka uku. Amma a tsakanin 'yan 15 zuwa 19 aure bai ragu ba. An ɗage shi ne, ya sauka a kan shekara 15 ɗin nan dai zuwa sama.

Daga baya Population Council ta rarraba dabarun a yankin Benishangul-Gumuz don ta ga aikin kowace ɗaya. Tattaunawar jama'a da kayan makaranta sun kare ƙananan 'yan mata. Ga manyan, 'yan 15 zuwa 17, abin da ya rage auren da kusan rabi shi ne kaji biyu a shekara da ake ba gidan da ya bar 'yarsa a makaranta. Wannan ya nuna iyakar abin da baki ke iya yi, ko bakin limami ne.

Bikin da ya koma dare

Da matsin ya yi yawa, wasu iyaye ba su bari ba, ɓoyewa suka yi. A yi biki da daddare, ko a kai shi ƙauyen dangi a wata gunduma, ko a fake da mahber, taron wata-wata da ake yi da sunan wani waliyyi, inda dama ana dafa abinci ana tara mutane. Ɗan sanda zai wuce ya ga taron addini. Limami kuwa ba a iya ruɗinsa da wannan, domin ya san ranar kowane waliyyi, ya san gidan da zagayen ya faɗo a wannan wata. Duk auren da aka ɓoye a cikin mahber, akwai malamin coci da ya gani ya yi shiru. Wani don tsoron rasa gidajen da ke ciyar da shi, domin limamin ƙauye manomi ne shi ma, abin da iyalan da yake kula da su ke ba shi yana cikin abincinsa. Wani kuma don a zuciyarsa bai yarda cewa akwai laifi ba.

A taron 'yan mata na Landan a watan Yuli na 2014, gwamnatin Habasha ta yi alkawarin kawar da auren wuri da kaciyar mata kafin ƙarshen 2025, kuma a 2019 ta fitar da tsarin aiki na 2020 zuwa 2024 wanda ya ba shugabannin addini babban matsayi. Tsarin bai samu sararin numfashi ba. An rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, yaƙin da ya ɓarke a Tigray, yankin da ke maƙwabtaka da Amhara, a watan Nuwamba na wannan shekarar ya malalo cikin Wollo da Gondar a 2021, sannan daga 2023 faɗa tsakanin sojojin tarayya da mayaƙan sa-kai na Amhara da ake kira Fano ya mamaye Amhara kanta, ya raba miliyoyin yara da aji. Sarƙar nan ta ƙawa zuwa malama, malama zuwa kwamiti, kwamiti zuwa ɗan sanda, a makaranta take farawa. A gundumomin da malamai suka watse kuma jami'an kebele suka gudu gari, mutum ɗaya ne daga cikin kwamitin ya rage a ƙauye, wato limami, kuma uban da ke tsoron a yi wa 'yarsa fyaɗe a hanya yanzu yana da hujjar da ta fi ta da ƙarfi idan ya je gaya masa cewa ya sa ranar biki.